Turakun Zunnuraini Mai Talabijin

Zunnuraini ba ya sakin abu. Aibinsa ke nan, kuma bai taɓa ɓoye shi ba. In ka kai masa talabijin gyara, tun kafin ka kwance ta daga bayan babur zai gaya maka cewa zai riƙe ta, in kana sauri ka wuce wajen wani. Mutane su yi dariya su ajiye, suna zaton irin cika bakin masu sana'a ne. Lado mai shayi ya kai tasa ana shirin ƙaramar salla, bai karɓa ba sai da aka ci naman layya. Duk safiya in zai wuce sai ya leƙa ya tambaya ko amarya ta tare ke nan, a kawo mata gara. Zunnuraini ko kai ba ya ɗagowa. Sai ya ce hoton bai zauna ba tukuna.

Ba ha'inci ba ne. Bai taɓa cire wa kowa kaya a ciki ya sayar ba. Talabijin tana kawo hoto, tana magana, kowa ya gani ya ce ta gyaru. Shi ne dai bai gamsu ba, kuma in bai gamsu ba, ko hakimi ne mai ita sai ya jira.

Shagona yana jikin nasa a Magama, bakin titin da ya miƙe zuwa boda. Sabulu nake sayarwa da taliya da man shafawa na Nijar. Bango ɗaya ya raba mu, ina jin tarinsa yana jin nawa. Gwaggo yake ce mini, saboda ƙanensa Imrana shi ya auri Salmatu, ɗiyar ƙanena, wadda na riƙa tun tana rarrafe.

Zunnuraini mutumin Mazanya ne. Ubansu manomi, ya rasu da wuri, ya bar masa uwa da ƙane ɗaya. Da ya gama firamare aka tura shi Maraɗi wajen wani kawunsa mai gyaran rediyo. Ya dawo da ƙarfen narka dalma, da gilashin ƙara girman abu, da 'yan kalmomin Faransanci da yake zagin janareta da su. Lokacin da talabijin mai ƙeya ta mutu aka koma mai faɗi kamar faranti, masu gyara da yawa suka watse, wasu suka koma cajin waya. Shi ya sayi tsohuwar kwamfuta a hannun wani direba, ya zauna ya koya wa kansa abin da ya zama sana'arsa har ya mutu.

Talabijin na gwanjo suna shigowa ta Maraɗi. Wutar da ba ta da tabbas da janareta su ƙone musu allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. A sa wani mai arha. Ta kama aiki, amma fuskokin mutane su fito kamar an shafa musu toka, ko kamar gindin tukunya. Baƙin mutum in yana cikin inuwa, ido da haƙora kawai za ka gani. Masu gidan kallon ƙwallo sun fi kowa kuka da wannan, don 'yan kallo ba sa gane ɗan wasa sai ya juya baya sun ga lamba. Zunnuraini kaɗai ke gyara wannan ciwo daga Jibiya har Ɗan Isa.

Wata rana ciniki ya yi sanyi na shiga na same shi ya maƙala wani abu kamar matsefin shanyar tufafi a kan wata 'yar baƙar ƙwaya a jikin bod, waya ta tafi cikin kwamfuta. Na tambaye shi jinin wa yake ja. Ya ce tunda na yi sakandare, ko na tuna littafin nan na lambobi zalla da ake ba mu ranar jarrabawar lissafi. Na tuna. Ba ka yin lissafin da kanka, layi kake bi da yatsa ka ɗauko amsa. Ya ce to talabijin ma tana da irinsa, tebur suke ce masa. Haske yana zuwa mata a matsayin lamba, ta duba tebur, ta ga yawan wutar da za ta kunna a wannan ɗigo. Matsalar ita ce wurin ajiya. Daga baƙi ƙirin zuwa fari fat matakai ne sun fi dubu, ga shi kowane launi da nasa, ƙwayar kuwa ba ta kai wake ba, abin da za ta iya riƙewa bai wuce talatin da 'yan kai ba.

Na ce to sauran fa.

Ya ce turaku ake kafawa. Shi ya ba su wannan suna, ban ji wani ya faɗa ba. A kafa turke nan, a kafa can, na'ura ta ja igiya miƙe tsakaninsu, duk lambar da ta faɗo tsakani a karanta ta a kan igiya. Kamar wanda zai kwatanta maka hanyar Maraɗi ya ce Jibiya, Magama, Ɗan Isa, Maraɗi, ya bar ka ka ɗauka sauran duk miƙaƙƙiya ce. Inda hanya ke da lanƙwasa dole a yawaita turaku, in ba haka ba ka faɗa gona.

"Wanda ya ƙera bod ɗin nan ya zube turakunsa wajen haske, Gwaggo, don fuskokin da ya saba gani ke nan. Mu muna can ƙasa cikin duhu, guda biyu ya bar mana."

Aikinsa shi ne ya tumɓuko su daga sama ya dawo da su ƙasa. Amma ba a samun ƙari. Duk wanda ya kafa a duhu, daga haske ya ciro shi. Shi ya sa a talabijin da ta bi ta hannunsa za ka ga gumin goshin mutum a inuwa, amma farar babbar riga ta fito sumul, aikin wuyanta ya ɓace. Kan turke guda zai iya kwana yana matsar da shi gaba yana dawo da shi baya. Abin da ya riƙe talabijin ɗin Lado ke nan.

Na ce ashe abin da ke tsakanin turke da turke ƙarya ce. Ya ce ba ƙarya ba ce, kirdado ne. Na ce a shagona in ka kirdada wa mutum mudu, ƙarya ka yi masa. Ya yi dariya ya ce shi ya sa ba a ba ni gyaran talabijin ba.

Imrana direba ne, Jibiya zuwa Maraɗi. Dogo, mai surutu, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda karayar da ya yi yana yaro. Yana da bille guda a kuncin hagu, daga gefen hanci ya gangaro. Shi kaɗai ke da shi a gidansu. An ce yana jariri ba ya rabuwa da ciwo, kakarsu ta kira wanzami. Da aka rufe boda mota ta tsaya, ya sayi babur ya koma ɗaukar mutane ta hanyoyin daji kamar sauran. Wata safiya ya ɗauki fasinja ya nufi wajen Farfaru. Bai dawo ba. An tsinci babur ɗin a kwance gefen wani rafi, makulli a jiki, takalminsa guda ɗaya a ƙasa.

Kowa a nan ya san abin da ke biyo bayan irin wannan. Ana jiran waya. Mutanen daji su bugo, a ji muryar mutum, a fara tattara abin da za a tattara. Muka jira. Salmatu ta kwana da waya a hannu ta tashi da ita. Ba wanda ya bugo. Ba gawa, ba murya. Waɗanda aka sako daga daji aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana kwatanta musu mai bille, kowa ya ce bai gan shi ba.

Mace a wannan hali ba ta da suna. Ba matar aure ba ce, don ba miji. Ba mai takaba ba ce, don ba a ce ya mutu ba. Mata su shigo gidan su rasa gaisuwar da za su yi mata, su ce ya ƙarin haƙuri, su ji kamar sun kashe shi. Yara biyu gare ta. Liman ya ce in dangi sun haƙura a yi masa addu'a, a kai maganar gaban alƙali, shari'a tana da hanyar da take bi da matar wanda ya ɓata. Dangi kuwa Zunnuraini ne. Shi ne uba a gidan. Maganarsa ake jira, kuma Salmatu ta ce ba za ta taka ƙofar kotu ba sai Yaya ya ce a je. Har ya soma saukowa. Ya gaya mini a bar damina ta fita.

Sai ga maganar gidan man Sadisu.

Gidan man yana gab da shingen ƙarshe kafin boda. Zunnuraini ne ya ɗaura musu kyamara a saman rumfa. Na'urar da ke ajiye hoton ta soma gardama, Sadisu ya aiko masa da ita. Yana dubawa ya ci karo da wani guntun hoto, makonni bayan ɓatan Imrana. Dab da magariba ne. Wani dogon mutum ya fito daga kudu, ba takalmi, ba kaya a hannu, yana tafiya a hankali ta bakin titi ya nufi arewa. Kafaɗarsa ta dama a sauke. Da ya zo daidai rumfar ya ɗago kai ya dubi kyamara kamar an kira shi, ya sunkuyar, ya wuce. Tsawon abin duka bai kai ka sha moɗa guda ta ruwa ba. Rana tana bayansa. Fuskar baƙa ƙirin, ba komai a ciki.

Yaran gidan man ba wanda ya tuna da shi. Masu kakin namu da jandarmomin can ba wanda ya tuna. Mutum marar kaya ba mai tsayar da shi.

Zunnuraini ya ware talabijin guda, mafi kyawun gilashi a shagon, ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya kwashe turakunta kusan duka ya zuba su a duhu. Sama ta ƙone ta zama fara fat, titi ya ɓace, rumfa ta ɓace, amma fuskar ta fara tasowa kamar abu a ƙarƙashin ruwa. Goshi ya fito. Bayan wasu makonni hanci ya fito. Yana rufe shago da rana ya zauna gabanta, hoton auren Imrana a jingine a gefe, ya matsa turke, ya duba, ya matsa. Masu talabijin suna buga ƙofa ba ya amsawa.

Wata Juma'a ya aika a kira mu. Ya tsayar da hoton daidai inda mutumin ya ɗago kai. Ga shi nan a kuncin hagu, daga gefen hanci ya gangaro. Bille.

Salmatu ta zauna a ƙasa, cikin wayoyi da ƙusoshi. Ni ma na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Uwarsu aka ɗauko ta daga Mazanya a mota, ta shafa gilashin da hannu ta kira sunansa. Daga ranar maganar addu'a ta mutu. Wa zai yi wa mai rai sadakar mutuwa? Aka ce ya kuɓuto ne hankalinsa ya taɓu, ya bi hanyar da ƙafarsa ta sani. Zunnuraini ya bi Ɗan Isa da Maraɗi da Madarunfa, asibiti da tasha da kasuwa da gidajen masu maganin taɓin hankali. Ya dawo da baƙin wuya da kumburin ƙafa. Ya huta ya sake komawa.

Damina ta fita, wata ta shigo ta fita, wata ta sake shigowa. Uwarsu ta rasu tana cewa a bar masa ɗakinsa. Salmatu ta rame ta koma kamar sanda. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta zo shagon, Yaya ya kunna mata, mutumin ya fito daga kudu, ya dube ta, ya wuce. A sake. Ba ta kuka. Kallo kawai take yi, kamar mai jiran wata rana ya tsaya. Wani malamin makaranta a Daddara, Mudathir, matarsa ta rasu, ya aiko da magana ta wajena cikin mutunci. Na kai wa Zunnuraini. Ya ce mini matar ƙanensa ake nema da aure ƙanensa na yawo da ƙafarsa? Na ce masa mutumin da ke da ƙafar zuwa Maraɗi yana da ta dawowa Magama, kuma yarinyar nan ba talabijin ba ce da zai ajiye a kan kanta har hoto ya zauna. Kwana da kwanaki bai gaishe ni ba.

Abin da ya warware maganar ba wayon kowa ba ne. Sadisu ya sayi sabuwar kyamara ya kawo a gwada masa. Ranar duk talabijin ɗin shagon a buɗe suke hanji waje, sai ta Imrana kaɗai ke kunne, don Juma'a ce Salmatu tana nan. Da ta gama kallonta ya zare wayar na'urar Sadisu ya soka ta sabuwar kyamara, ya ɗora kyamarar a kan kanta tana fuskantar ƙofa. Ni kuma na rufe shagona na zo kiran Salmatu mu tafi kafin a kira salla. Na tsaya a bakin ƙofa, rana tana faɗuwa a bayana.

Ba wanda ya amsa sallamata. Su biyun gilashi suke kallo. Na duba. Wata tsohuwa ce tsaye a ƙofa da mayafi irin nawa, sama fara fat a bayanta. A kuncinta na hagu, daga gefen hanci, ga baƙin layi ya gangaro. Na kai hannu kuncina. Ita ma ta kai.

Salmatu ta ce, a hankali, ba ta juyo ba, "Gwaggo, yaushe aka yi miki bille?"

Gidanmu ba a tsaga. Fuskata ba ko ƙwarzane.

Zunnuraini ya miƙe ya ture ni gefe ya leƙa waje. Lado yana kwashe kofuna. Ya kira shi ya tsayar da shi a ƙofa. Lado yana tambaya ko hoton fasfo za a yi masa kyauta. Shi ma bille. Wani mai lemu da ke wucewa, shi ma. A ƙarshe Zunnuraini ya tsaya da kansa, ya daɗe a tsaye.

Bai yi musu ba. Ya zauna ya buɗe kwamfuta ya nuna mana, ko da yake ba mu tambaya ba. Turaku uku ne ya cusa kusa da juna a wani mataki na duhu, na tsakiyar ya yi ƙasa da 'yan'uwansa. Igiya in ta zo nan sai ta faɗa rami ta fito. Kowane kunci da ya juya daga haske zuwa inuwa dole ya ratsa ta wannan mataki, kuma inda ya ratsa, nan baƙin layi zai kwanta. Ba rana ɗaya ya danne turken ba. Kaɗan kaɗan ne, cikin makonni. Duk sanda ya matsa shi ƙasa sai ya ga fuskar ta ƙara kama da hoton da ke jingine a gefe, sai ya ce ta ƙara fitowa.

Na ɗauka washegari zai tafi wajen liman. Na manta da wa nake magana. Ya ce ya yarda billen nasa ne, amma kafaɗar fa? Tafiyar fa? Ya ce laifin ƙarancin wuri ne. Akwai bod mai babbar ma'ajiya, wadda ba ta buƙatar turke ko igiya, kowane mataki da gurbinsa, ba kirdado. A ba shi lokaci ya sa a kawo daga Kano. Na gaya masa maganganu a ranar waɗanda ba a gaya wa suruki. Ya saurara har na gama ya ce, "Na gaya miki tun farko, Gwaggo, ina riƙe abu." Salmatu ta ce a bar shi ya kawo. Ta daina zuwa ranar Juma'a.

Sai da aka yi girbi bod ɗin ta iso. Ya haɗa ta ya aika a kira mu, ya ce bai kunna ba, tare za mu gani, don kada hannunsa ya sake shiga. Wannan na yaba masa. Mutumin ya fito daga kudu. Rumfa ta dawo, titi ya dawo, sama ta yi ja irin na magariba. Ya ɗago kai. Zunnuraini ya tsayar, ya buɗe duhun iyakar buɗewa. Inda fuska take sai wasu ƙananan murabba'ai masu launin toka, kamar an jera sabulu. Ba hanci, ba ido. Goshin da muka gani da hancin duk igiya ce.

Ya yi bayani da murya kamar ta mai karanta sanarwa. Na'urar Sadisu ita ma mai arha ce, ita ma wurinta kaɗan ne. Don ta samu ta ajiye hoton kwanaki da yawa, tun a ranar ta zubar da abin da ke cikin duhu, ta bar na haske. Fuskar ba ta taɓa shiga ciki ba. Shekarun nan duka rami yake haƙa a inda ba a binne komai ba.

Salmatu ta gyara mayafinta ta ce, "Yaya, na gaji."

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a ya je wajen liman, ya sa aka tara dattawan unguwa da 'yan'uwa daga Mazanya. Maganarsa gajeriya ce.

"Ban sani ba ko Imrana na da rai. Ban taɓa sani ba. Abin da na nuna muku, da abin da na nuna wa tsohuwa har ta mutu, hannuna ne. Ku sallami yarinyar ga."

Shi ya raka ta kotu, shi ya tsaya shaida. Alƙali ya bi abin yadda shari'a ta tsara, da jiransa da cigiyarsa. Da lokaci ya cika aka yi addu'a, aka raba waina, mata suka samu gaisuwar da za su yi mata. Ta yi takaba ta fita. Yanzu tana Daddara gidan Mudathir, ta yi ƙiba, ta ƙara haihuwa. Akwai talabijin a ɗakinta. In rana ta kusa faɗuwa sai ta kashe ta ta yafa mata zane. Mijin bai taɓa tambaya ba.

Kada a ce Zunnuraini ya canza hali. Bai canza ba. Talabijin ɗin mutane ya ci gaba da riƙewa, Lado ya sake kai tasa ya sake jira. Tsohuwar bod ɗin nan mai rami kuwa bai goge ta ba. Ya maida ta cikin talabijin ɗinta ya juya fuskarta ga bango. Na ce ya goge tebur ɗin ya sayar da ita ya huta. Ya ce zai goge.

Wata yamma na zo aron ashana. Ƙofar a buɗe take. Ya juyo da talabijin ɗin, ya ɗora kyamara a kan kanta, ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa, rana a bayansa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, goshinsu ɗaya, hancinsu ɗaya. A gilashin ga Imrana zaune, da billensa, da furfura a gemu, ya tsufa kamar yadda zai tsufa in da yana nan. Zunnuraini ya ɗan sauke kafaɗarsa ta dama. Kallon juna kawai suke yi. Na koma shagona ban ari ashanar ba, kuma ban taɓa ɗaga masa maganar ba.

Abin da ya dame shi a ƙarshen rayuwarsa wani abu ne dabam. Mutumin da ke cikin hoton gidan man. In ba Imrana ba ne, to wani ne. Wani ya fito daga kudu ba takalmi a wannan yamma, yana da rai, yana tafiya da ƙafarsa. Yana da uwa, wataƙila da mata da ke kwana da waya a hannu. Shi kuma ya kulle shi a shago shekara da shekaru da sunan da ba nasa ba, bai nuna wa kowa ba sai dangin Imrana. Ya ce mini wannan ya fi billen nauyi. Wata tana can a rataye kamar Salmatu, labarin mijinta yana kan kantarsa.

Ya ɗauki hoton yadda na'ura ta ajiye shi, baƙar fuska da komai, bai taɓa ko turke ɗaya ba. Ya bi tasha yana tura wa direbobi da 'yan babur a waya, na wannan gefe da na wancan. Wasu suka goge, wasu suka bari don kunya. Mata biyu sun zo daga ƙauye sun kalla, kowace ta ce tafiyar mijinta ce. Ya ba su ruwa ya ce musu shi bai sani ba. Ɗaya ta roƙe shi ya fito mata da fuskar, an ce ya iya. Ya ce bai iya ba.

Ciwon suga ya ci idonsa kafin ya ci sauran. Daminar bara ya kwanta. Na je duba shi a gidansa na samu direbobin Maraɗi sun zo su huɗu ko biyar, suna zaune a tabarma suna tsokanarsa cewa ya tashi, akwai talabijin ɗin mutane a shago da suka kusa isa aure. Ya yi murmushi. Ya tambaya ko hoton yana nan a wayoyinsu. Suka ce yana nan. Ya sa aka ɗaga shi aka jingina da bango.

"In kun gamu da mai irin tafiyar ga, ko a Ɗan Isa ko a ina, kada ku kira shi Imrana. Kada ku kira shi da sunan kowa. Ku yi masa sallama, ku tambaye shi sunansa da garinsu. In ya faɗa, ku je ku gaya wa mutanensa an gan shi."